Usta Midhat Mai Sauke Fitilu

Yayana Midhat bai taɓa son ɗaura fitilun azumi ba. Yana ɗaurawa ne kawai don a samu abin saukewa. Haka matarsa Shaukiyya, Allah ya jiƙanta, take faɗa, kuma shekara arba'in da ɗaya ta yi da shi, don haka ban ga dalilin musa mata ba.

A lungunmu na nan Iskandariyya aka haife shi, a benen da muke ciki har yau, shi a hawa na uku, ni a na biyu tun rasuwar maigidana. Ya girme ni da shekara tara. Yana ɗan sha shida mahaifinmu ya kai shi wurin masu gyaran wayar taragon gari, ya yi shekara arba'in da huɗu yana hawa tsani yana sauka, har aka sallame shi da takardar yabo da agogon bango. Sau biyu wuta ta ja shi. Na farkon ya ce laifinsa ne. Na biyun bai ce komai ba, sai dai tun daga ranar ba ya kama waya sai ya fara taɓa ta da bayan hannu, ko da igiyar shanya ce. Usta kowa yake ce masa, kamar yadda ake ce wa duk wanda ya ƙware a aikin hannu, har limamin unguwa.

Fitilun kuwa waya ɗaya ce doguwa mai ƙwai ɗari biyu da arba'in, ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa. Da hannunsa ya haɗa ta a shekarar da aka haifi 'yarsa Hala. Daga barandarsa take tashi, ta tsallaka lungu zuwa barandar Ramzi tela, ta dawo, ta sake komawa, har sau biyar, a ƙulle ƙarshenta a ƙarfen barandar Ramzi. Tsakanin barandun bai fi taku biyar ba, da sandar fatsa suke miƙa wa juna wayar. Ramzi sa'an Yaya ne, tare aka sa su makaranta, tare suka riƙa gudu daga ita zuwa bakin teku. Shi Kirista ne, saboda haka in Kirsimeti ta zo sai a sake ɗaurawa. Yaya bai taɓa ƙorafi ba. Sau biyu ke nan a shekara yana samun saukewa.

Ranar huɗu ga ƙaramar sallah, ƙarfe tara na safe, bayan ya ci wakensa da gurasa, zai sauke wayar, ya shimfiɗa tsohon bargo a falo ya rufe ƙofa. Kowane ƙwai sai ya cire shi, ya goge da tsumma, ya ɗaga shi a hasken taga, ya gwada a wata 'yar soket, sannan ya kankare gindinsa da samfefa, don iskar teku ba ta barin ƙarfe lafiya. Wayar ya naɗe ta a jikin kwali mai tsaga, zagaye na bin zagaye, babu wanda ya hau wani. Ƙwayayen kuma ya jera su a kiret ɗin ƙwan kaji guda takwas, kowace kala da nata. Kwana biyu yake yi a kai. A kwana biyun nan ko baƙo aka yi, a kicin ake karɓarsa. Surukan Hala ma da suka zo gaisuwar farko, kusa da tukunyar gas suka sha shayi.

Abin da ya shiga tsakaninsa da Ramzi ya faru ne a shekarar da azumi ya haɗu da Kirsimeti a cikin sanyi. Fitilun sun daɗe a sama, wata guda da 'yan kwanaki. Da sallah ta zo Yaya ya raka mahaifiyarmu garin Damanhur wurin 'yan'uwanta, da niyyar kwana biyu, sai jikinta ya motsa suka yi shida. Ana nan hadari ya taso daga teku, irin wanda ke ɗauke kayan shanya daga wannan unguwa ya ajiye a waccan. Ramzi ya hau ya karɓi makullin barandar Yaya wurin Shaukiyya, ya sauke wayar shi kaɗai cikin iska, ya cusa ta a buhu, ya ajiye a bayan ƙofa.

Da Yaya ya dawo ya buɗe buhun, sai ya tsaya yana kallo kamar an aiko masa da kan ɗan'uwansa. Kwana goma sha ɗaya ya yi yana warwarewa. A rana ta uku ya fito baranda shan iska, ya ce, ba da kowa yake ba, wanda ya yi wannan aikin ba a yi masa tarbiyya ba. Ramzi yana tasa barandar yana ba tsuntsunsa ruwa. Shi ma ya ce, ba da kowa yake ba, alheri ga wanda bai san shi ba asara ne. Kowa ya shiga ya ja tagarsa.

Shekara goma sha tara ba su sake yi wa juna magana ba.

Fitilu dai ba a fasa ba. Ranar ɗaurawa da ranar saukewa kowa zai fito barandarsa a kan lokaci, ba sa kallon juna, sandar fatsa tana kai da komowa. In akwai abin faɗa, ta bakin mata ake faɗa.

"Shaukiyya, ki ce wa mutanen can su saki."

"Teriza, ki ce masa an saki tun ɗazu, shi ne ya riƙe."

Shaukiyya da Teriza, matar Ramzi, yawanci ba sa ma wurin. Sau da yawa suna ƙasa tare a bakin ƙofa suna zaɓen kifi wurin mai kura. Da Shaukiyya ta rasu, Ramzi ya zo ya zauna a rumfar makoki kwana uku cur, ya yi ta raba wa mutane gahawa kamar ɗan gida. Da ya zo tafiya ya ba Yaya hannu, ya yi wa wanda ke zaune kusa da shi ta'aziyya. Yaya ya juyo ya ce da ni, "Ni'imat, ki ce masa mun gode." Daga ranar aikin saƙo ya dawo kaina, ni ma ba sai ina wurin ba.

A shekara ta goma sha tara, cikin goman ƙarshe na azumi, aka tsinci Ramzi a ƙasa kusa da kekensa na ɗinki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Ya yi sati a asibiti, aka dawo da shi daren sallah, maza huɗu suka hau da shi a kan kujera. Ɗansu Mina yana Kuwait, bai samu izinin zuwa ba. Ni na je na duba Ramzi sau biyu. Da na dawo Yaya bai tambaye ni ba, ya dai tsaya a ƙofata yana duba makunnin fitilata, wanda lafiyarsa ƙalau, har sai da na gama ba bango labari.

Ranar huɗu ga sallah, ƙarfe tara, ya fito baranda da sandar fatsa. Tagar can a rufe. Ya tsaya har azahar. Washegari ma haka. Mijin Hala, Wa'il, wanda ya zo cin abincin sallah, ya ce ai abu mai sauƙi ne, a ɗaura almakashi a bakin sandar a datse wayar daga can, ƙwai biyu ko uku kawai za a rasa. Da yamma Yaya ya kira Hala gefe ya tambaye ta ko tana jin daɗin zaman auren nan.

Fitilu suka kai kwana bakwai bayan sallah a sama, abin da lungunmu bai taɓa gani ba. Mai gugar tufafi na lungun ya fara tambayata ko Usta ma ba shi da lafiya.

Rana ta takwas da safe na ji shi yana saukowa. Ya sa tsohuwar rigarsa ta aiki, filaya a aljihu, kwalin naɗi a hammata, kiret ɗin ƙwai a ɗaure da igiya. Ya ce in zo in riƙe masa kaya. Muka sauka, muka tsallaka lungu, muka hau hawa uku. A hawa na biyu ya tsaya hutawa, ya ce matakalar gidan nan tun asali ba a yi ta daidai ba.

Teriza ce ta buɗe. Ta dube shi, ta dube ni.

"Na zo kwance waya ne," in ji shi.

Ta matsa. An kawo gadon Ramzi falo, kusa da ƙofar baranda, babu hanyar wucewa sai ta gabansa. Yaya ya wuce yana kallon silin. A baranda ya daɗe a durƙushe. Da na leƙa sai na ga abin da yake dubawa. Duk inda wayar ta zagaya ƙarfen, an sa mata 'yar riga ta yadi mai kauri, an ɗinke da hannu, kalmasa ƙanana a jere, don kada tsatsa ta ci ta. Yadin bana ne, amma a gefen tukunyar fure akwai gwangwani cike da tsofaffi da rana ta cinye. Daga barandarmu ba a ganinsu. Yaya ya juya ɗaya a hannu ya ce ɗinkin ba laifi.

Ya kwance ƙullin, ya aike ni can gida in sako masa ɗaya ɓangaren. Da na dawo ina haki, na same shi tsaye a tsakiyar falo da waya a kafaɗa, Ramzi yana ƙoƙarin magana. Tun da ya faɗi, in ban da sunan Teriza babu abin da aka ji daga bakinsa. Ya yi ta fama da harshe, Teriza ta sunkuya tana tambayarsa ko ruwa yake so. Yaya ne ya gane.

"Hadari," in ji Ramzi. "Hadari ne... ya taso."

"Na san an yi hadari," in ji Yaya. "Ba wanda ya ce kada ka sauke. Buhun nake magana."

"Sabo ne... buhun."

"Ko na alharini ne. Waya ba dankali ba ce, tela."

Ramzi ya ce wani abu da ba zan maimaita ba, amma ya fito sarai, kowane harafi a wurinsa. Teriza ta shige kicin ta rufe fuska da mayafi. Kafaɗunta na rawa, ban tabbatar kuka ne ko dariya ba, ban kuma tambaya ba.

Yaya ya ja kujera ya zauna. Ya ce tunda kaya sun riga sun hau bene uku, ba zai sake sauka da su ba. Ya sa Teriza ta kawo bargo. Ya tambaye ta me likita ya ce game da hannun Ramzi, ta ce an ce a riƙa motsa shi, an ba shi ƙwallon roba ya matsa, shi kuwa ya jefar ta taga. Yaya ya ce ai da gaskiyarsa, babba da shi. Ya ɗora wayar a cinyar Ramzi, ya kamo shanyayyen hannun, ya jera yatsun a kan wani jan ƙwai, ya ce ya murɗa hagu.

Ranar ƙwai uku suka cire. Aikin kwana biyu ya ci wata biyar. Kullum ƙarfe tara Yaya zai tsallaka, su cire, su goge, wani lokaci ya sa a mayar a sake cirewa, wai ba a yi daidai ba. Ramzi ya fasa ƙwai goma sha bakwai. Irinsu an daina yi, sai da Yaya ya yi ta yawo kasuwar tsofaffin kaya kafin ya cike gurbi, shuɗi biyu kuwa bai samu ba har yau, fari ya saya ya shafa musu jan farcen Hala mai ruwan bula. Faɗa suke yi daga zuwa har tashi, a kan buhu, a kan ƙwallon ƙafa, a kan wanda ya fara ba da shawarar gudu daga makaranta. Teriza ta ce da ni da ta san haka maganarsu take, da ba ta yi ta addu'a ba. Da Kirsimeti ta zo, Ramzi yana iya riƙe kofin shayi da hannun dama. Shi ya ƙulla ƙarshen wayar, a zaune, cikin minti ashirin. Yaya yana tsallake da sanda a hannu, bai ce masa ya yi sauri ba.

Shekara biyu da rabi Ramzi ya ƙara. Ranar jana'izarsa Yaya ya tsaya a bayan coci tun daga farko har ƙarshe, hannu a baya, bai zauna ba. Da aka fito ya tari limamin cocin, ya gaya masa wayar fankar da ke kusa da ƙofa ta kusa kama wuta. Washegari ya koma da filaya. Ya yi kwana huɗu a can, don ya ga wasu wayoyin da suka lalace.

Teriza ta koma wurin ɗanta. Wasu sababbin ma'aurata ne a gidan yanzu, mijin likitan haƙori ne, mai ladabi, yana karɓar waya yana miƙowa yadda aka ce masa. Yaya kuwa bara jiri ya ɗebe shi a kan kujera yana ciro kwali daga saman kabad, ya bugu a ƙugu, likita ya hana shi hawa komai da ya fi tabarma tsawo. Saboda haka bana ni na hau, ina da shekara saba'in, shi yana zaune a ƙasa ya riƙe ƙafar kujerar da hannu ɗaya yana ba da umarni. Da muka gama ya duba naɗin da na yi, ya warware zagaye huɗu na ƙarshe, ya maimaita. Sannan ya ce in akwai sauran kifin jiya in ɗumamo mana, kada in cika lemon tsami.