Jar gyaɗar Innarmu

Yayata ba ta taɓa ajiye irin gyaɗa fiye da abin da gayaunarta za ta ci ba. In kaka ta yi sai ta ware nata da ɓawonsa, ta zuba a tukunya, ta barbaɗa toka, ta liƙe bakin da laka. Sauran kuwa, duk macen da ta yi sallama da ƙwarya a hannu sai an ɗibar mata. Haka muka tarar ana yi a unguwarmu a Matameye: iri ba a sayar da shi, ba a kuma hana shi. Akwai kirki a ciki, amma akwai dabara. Wadda kika ba iri, gonarta ta zama rumbunki. In fari ya cinye taki bana, sai ki ɗauki ƙwarya ki nufi gidanta kai a sama, don abinki kika je ɗauka.

Gyaɗar da nake faɗi ja ce, ƙananan ƙwaya, mai yawan mai. Mahaifiyarmu ce ta zo da ita daga ƙauyensu wajen Icirnawa lokacin da aka kawo ta gidan mahaifinmu. In ana suyarta, har masu wucewa a titi sun san gidan da ake aikin. Da Inna ta rasu Yaya ta gaji tukunyar, kuma babu lungun da gyaɗar ba ta shiga ba a unguwar.

Ni na bar gida da wuri. Na yi tuƙin kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Kwatano da Abijan, na zauna Jidda, har Marsai ta ƙasar Faransa na taka. Na koyi Faransanci da Julanci da Larabci gwargwado. A tashoshin jiragen ruwa na ga yadda ake yanke wa amfanin gona farashi: mutum ne zaune a inuwa da waya a kunne, bai taɓa riƙe fartanya ba, ya faɗi magana ɗaya ta rage tuwon dubban gidaje. A kurmin kudu na ga manoma sun tumɓuke doyarsu sun dasa abin da jirgi ke so, suka koma sayen abinci a shago. Na ɗauka wannan ciwon mutanen bakin teku ne. Ban san ya san hanyar garinmu ba.

Da na dawo gida na zauna, na tarar ya riga ni isowa. Man girki na ƙasashen nesa ya cika kasuwa a manyan jarkoki masu ruwan ɗorawa, ya fi man gyaɗa araha, mata suka jingine turamen matsa ɗaya bayan ɗaya. Sannan masu sayen riɗi suka zo. Ranar kasuwa samari ke jera ma'auni a bakin tasha, a auna a biya nan take, a loda buhuna a yi kudu da su. Ban ga laifin kowa ba. Mai 'ya'ya a makaranta da mara lafiya a ɗaki ba ya gardama da ma'auni. Gona bayan gona, riɗi ya shiga inda gyaɗa take. Yaya dai ta ci gaba da shuka tata, ba ta kuma lura cewa an daɗe ba a yi mata sallama da ƙwarya ba.

Sai aka yi wata damina mai yaudara. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, ya ɗauke. Ya dawo, Yaya ta juye ragowar tukunyar ta sake shukawa, ya sake ɗaukewa. Ko harawar akuya ba ta samu ba. Ba ta damu sosai ba. Ta ce mini, “Alhaji, gwiwoyin nan sun ƙi, zo ka raka ni in karɓo irina.”

A gidan farko maƙwabciyarmu ta yi dariyar kunya. “Haba Hajiya, wa ke shuka gyaɗa yanzu? Tamu tun wancan azumin yara suka soye ta.”

A gida na biyu aka ce an bar ta tun shekarar da maigidan ya ba riɗi gonar duka. Wani ɗan ƙawarta, mai shago a kasuwa, ya tausaya mata. Ya ce, “Hajiya, kada ki wahalar da ƙafa, akwai iri a mangaza, can ɗakin ajiyar kaya, na zamani, ni zan saya miki.” Ya nuna mana buhun, na karanta mata rubutun da ke jiki.

Ta ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗana. Wannan ta mai buhu ce. Ni ta Inna nake nema.”

Muka zagaye unguwar, ƙwaryar nan ba ta yi nauyi ba. A kakar nan kuma farashin riɗi ya faɗi a wata ƙasar da ba wanda ya san sunanta cikin manomanmu. Samarin suka duba salularsu, suka naɗe ma'auni. Mutane suka zauna da buhunan da ba a tuƙa tuwo da su.

Saura mutum ɗaya, taubashiyarmu da ke aure a Dungu, 'yar ƙanen Inna. Muka shiga motar kasuwa. Tana hango ni ta fara.

“Ikon Allah, tsohon ɗan yawo! Ƙasashen ne suka gaji da kai suka koro ka?”

Na ce, “Na zo duba ko har yanzu kina ƙona tuwo ne.”

“Ka ci na Turawa ka dawo a rame, ka zo kana raina nawa.”

Da Yaya ta faɗi abin da ya kawo mu, dariyar ta tsaya. Ta shiga ɗaki ta sauko da wani gora da ke rataye a azara, duk yanar gizo. Ta ce tun shekarar da ta aurar da autarta yake nan, ita ma riɗi suka koma. Ta juye shi duka a ƙwaryar Yaya, ko ɗaya ba ta rage ba. Ta ce, “In ta yi, kin san inda nake.”

Yaya ta ɓare ɗaya a mota, ta shinshina, ta mayar cikin ɓawon. Na san irin gyaɗa ba ya jure shekaru. Ta fi ni sani.

Da ruwan shuka ya sauka ta hana kowa taɓa gayaunar, ita ta yi rami ita ta rufe. Kullum da safe sai ta dogara sanda ta je. Geron maƙwabta ya tsiro, ciyawa ta tsiro. Wata safiya na bi ta, na same ta durƙushe tana tona ramukan da yatsa. Duk wanda ta tona, baƙar ƙwaya ce ruɓaɓɓiya. Ta bi layin har ƙarshe tana tonawa, ta dawo tana mayar da ƙasar.

Ta hana a gaya wa ta Dungu. Da kaka ta yi kuwa, sai ga direban motar kasuwa ya yi sallama da ƙwarya, an ɗaure ta da tsumma. Ya ce tsohuwar Dungu ce ta aiko, wai a gaishe da ɗan yawo, a kuma cika mata abinta.

Na ce wa Yaya bari in sayo gyaɗa a kasuwa a zuba, wa zai gane? Ta ce, “Za ta shuka ta, Alhaji. Ta ba wasu ta ce ta Inna ce.”

Tun da Inna ta zo gidan nan ƙwarya ba ta taɓa fita fayau ba, Yaya kuma ta ce ba a kanta za a fara ba. Ta ajiye ta a kan tukunyar irin, a bakin ƙofar ɗakinta. Direban yakan leƙo ranar kasuwa ya tambaya ko an shirya saƙon, ita kuma ta ce masa tukuna.