Kwana Huɗu da Gwaggo a Kan Teku

Ina shekara ta uku a jami'a a Guangzhou, Gwaggo, yayar mahaifina, ta zo sarin mayafai da takalma kamar yadda ta saba. Ni nake raka ta shagunan Guangyuan ina yi mata tafinta. Da muka gama ɗaure kaya aka wuce da su tashar jiragen ruwa ta Huangpu, akwai sauran mako guda kafin ta koma Kano. Sai na ba ta labarin wani ƙaton jirgin ruwa na shaƙatawa da ke fita teku ya kwana huɗu ya dawo.

Ta ce, "'Yar nan, kayana ne ke bin ruwa. Ni ta sama nake bi."

Sai da na yini biyu ina lallashi kafin ta amince.

Ranar da muka isa bakin ruwa ta ɗaga kai tana ƙirga benayen jirgin, har mayafinta ya zame. Muna shiga aka tara mu aka nuna mana yadda ake sa rigar ceto, mai ruwan lemo. Kowa ya gwada ya cire, ban da Gwaggo. Da ita ta shiga ɗakinmu mai 'yar baranda, da ita kuma ta tafi ɗakin cin abinci, a kan leshinta mai tsada.

Wurin abincin kansa ya kai wata kasuwar. Muka zaɓi kifi da shinkafa da ganye, Gwaggo ta zaro kwalbar yaji daga jaka ta barbaɗa. Wata tsohuwa 'yar China da ke teburin kusa ta yi ta leƙe, sai Gwaggo ta miƙa mata. Tsohuwar ta ɗanɗana, ta yi tari har da hawaye, sannan ta sake miƙo farantinta.

Washegari bayan sallar asuba na koma barci. Da na farka da hantsi babu Gwaggo. Na duba ɗakin abinci, na leƙa silima, na bi ta shaguna da wurin motsa jiki, na zagaya tafkin ninƙaya. A can bene na ƙarshe na same ta, tsakiyar tsofaffin mata kusan goma, kowacce da maficin hannu, suna wata rawa a hankali. Rigar ceton tana kan kujera, an ɗora mata kofin shayi.

Na ce, "Gwaggo, kin tayar mini da hankali."

"Ƙawata ce ta zo ta ƙwanƙwasa. Ke kina ta minshari."

Tun daga nan sai dai in hango ta. Ta koya musu ɗaurin ɗankwali, su kuma suka kai ta inda ake matsa ƙafa, suka zaunar da ita a bakin tafki ta tsoma sawu. Ni kuwa na samu kujera a inuwa, ga littafi, ga iskar teku.

A rana ta ƙarshe suka kira ni in fassara musu sallama. Tsohuwar nan da ta ɗanɗana yaji ta buɗe baki da harshen mutanen Kanton, ba wanda ake koya mana a aji ba. Ban gane ko kalma ɗaya ba.

Gwaggo ta ce, "Matsa ki ba mu wuri. Cewa take jikokinta biyu, kuma gwiwarta ta hagu ke damunta, irin tawa."

Da ɗiyar tsohuwar ta zo, wadda ke jin harshen da ake koya mana, na tambaye ta. Ta ce jikokin uku ne, amma maganar gwiwa gaskiya ce.