Motar Kakana Mai Sitiyari a Dama

Kwanakin baya na shiga shagon wani mai ɗinkin kujerun mota a unguwar Ka'akiyya, nan Makka. Ban kai ga yin sallama ba, warin tsohuwar fata da rana ta gasa ya tare ni a bakin ƙofa, gauraye da ɗan warin fetur da na ƙura. Na tsaya kawai. Sai da mai shagon ya maimaita tambayarsa kafin na tuna abin da ya kawo ni. Irin wannan warin ne a cikin motar kakana, kuma ban san na riƙe shi ba sai ranar.

A unguwar Mansur na tashi, cikin wani lungu da ke gangarowa daga dutse. In ka san unguwar a wancan lokacin, ka san da la'asar hayaƙin masu tsire yake rufe bakin titi, mata kuma su baje kuka da daddawa da yaji a kan tabarmi. Mu muna sama, kakana yana ɗakin ƙasa shi kaɗai tun rasuwar kakata. Ni ce jikarsa mace ta fari, don haka uwargida yake ce mini. Kullum sai ya yi ƙorafin ya auri mace mai Hausar Larabawa wadda ba ta iya dama fura ba, ni kuma in ce ai na yi masa alfarma da na zauna da tsoho marar haƙori.

Kafin ya zo Makka direba ne a Kano. Wani Bature mai sayen gyaɗa yake tuƙawa, a zamanin da motocin Ingila ne suka cika gari, sitiyari a dama, ana bin hannun hagu. Ya baro gida kafin a canja hannu. A nan kuwa bai sake tuƙi ba. Gadin wani gidan alhazai ya samu a Misfala, ya zauna a bakin ƙofar har gashinsa ya yi fari. Amma ko kofin shayi zai ɗauka, sai ka ga hannunsa na hagu ya ɗan motsa a gefen cinyarsa kamar mai neman giya.

Ina aji huɗu a firamare likita ya ce kakana yana da hawan jinin ido. Ya ce ganin zai riƙa tsukewa daga gefe har ya rufe, magani sai dai ya jinkirta. Da suka dawo daga asibiti kakana bai yi zancen idon ba. Ya ci abincinsa, ya wanke hannu, sannan ya ce, yana kallon bango:

"Ina so in yi tuƙi kafin abin nan ya rufe. Ba irin taku ba. Irin wadda na sani."

Da mahaifina yake, amma ba ya kiran sunansa don shi ne ɗan fari. Mahaifina kuma ba ya haɗa ido da shi. Yana durƙushe a bakin ƙofa ya ce, "To, Baba."

Mahaifina gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, abin da ya tara ba yawa. Ya fara gwada shi da tasa motar a wani fili, amma kakana na miƙa hannun hagu neman giya ya bugi ƙofa. Ya fito ya ce wannan ba mota ba ce, an ɗinka ta a baibai. Daga nan aka shigo da kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda bakanike ne. Shi ya gano wani tsoho ɗan Hadramaut a bayan Ka'akiyya mai wani kewayayyen fili cike da tsofaffin motoci.

Da sanyin safiya muka je, lokacin hunturu ne, an yi yayyafi da dare har ƙasa tana ƙamshi. An tafi da ni ne don kakana ya ce ba ya sayen kaya uwargida ba ta gani ba. A hanya kawu ya yi ta jan kunne. Ya ce tsohuwar mota kamar baƙo ce, kyan fuskarta ba zai dame ka ba, abin dubawa shi ne za ka iya zama da ita. A samu mai ƙaramin inji, wadda ba ta da tarkacen wayoyi, wadda in ta tsaya a hanya mai sifana ɗaya zai tashe ta, kuma in an aika neman kayan gyaranta za a samu.

Ta farko da muka gani doguwa ce baƙa, mai dogon hanci, gabanta na ciki duk katako ne mai sheƙi. Ni dai ita na so. Kawu ya ɗaga murfin injin ya sake shi da sauri. Ya ce wannan ta manya ce, a zafin Makka kafin ta kai Misfala ruwanta ya tafasa, kuma duk ranar da ta yi tari sai an sayar da gado. Ta biyu ja ce, mai kujera biyu, ba rufi. Tana da araha. Kakana ya zagaya ta ya ce shi ba ɗan iska ba ne da zai zauna rana tana dafa masa ƙwaƙwalwa.

Can ƙarshen filin, ƙarƙashin wata rumfar kwano, akwai wasu ƙanana guda biyu iri ɗaya, masu zagayayyen baya kamar ƙwarya a kife. Ɗaya ruwan toka, ɗaya koriya. Kawu ya yi murmushi ya ce ga abin da muka zo nema. Ya kwanta a ƙasa ya ƙwanƙwasa ƙarƙashin ƙofofin, ya ja robobin gilas ya ga inda zafi ya tsattsaga su, ya sa yatsa a man injin ya shinshina. Mai ruwan tokar sitiyarinta a hagu yake, tun asali don ƙasashe irin wannan aka ƙera ta, tana da tsohuwar lamba da takardar da za a iya sabuntawa. Koriyar kuwa wani ne ya shigo da ita daga Adan, inda a da ake bin hannu irin na Ingila, tun da daɗewa. Sitiyarinta a dama, ba ta da lamba.

Kakana bai ko kalli mai ruwan tokar ba. Ya buɗe ƙofar koriyar ya zauna, hannunsa na hagu ya sauka daidai kan giya ba tare da ya duba ba. Ya daɗe a haka. Ban taɓa ganin fuskarsa ta saki kamar ranar ba.

Ina tsaye kusa da su lokacin da kawu ya ja mahaifina gefe. Da Larabci ya fara, ya ƙare da Hausa.

"Yaya, wallahi 'yan sandan murur ba sa ba mai sitiyarin dama lamba. Mamnu'u ne, an hana. Ka faɗa masa yanzu, ga 'yar uwarta nan, komai nasu ɗaya."

Mahaifina ya kalli bayan kan tsohon ta gilas. Ya ce, "In ce masa me? In ce bai iya zaɓe ba?"

"Ka ce masa doka ce."

"Bari dai. Za a san yadda za a yi."

Kawu ba zai tsallake mijin yayarsa ya yi wa dattijo gyara ba. Mai filin kuwa ya ga hanyar rabuwa da kayan da ya rasa mai saye, ya yi shiru. A kan babbar motar ɗaukar motoci aka kawo ta Mansur, yara suna bin ta da ihu, aka sauke ta a ɗan loko da ke jikin tagar kakana.

Kawu ya yi aikinsa tsakani da Allah. Ya wanke tanki, ya canja filogi da batir da tayoyi, ya aika aka kawo robobi. Kafin zafi ya shigo motar tana tashi da murɗa ɗaya. Gaskiyarsa ne, ba ta da rigima. Kakana yakan tashe ta kowace safiya bayan ya dawo daga masallaci, ya saurari injin, ya kashe. Ni aikina goge gilas. Yakan ce lamba na fitowa zai ɗauke ni mu bi hanyar Jidda, in zauna a gaba a ga matar direba.

Mahaifina ya yi ta zirga-zirga. Ya je ofishin 'yan murur masu kula da hanya, ya je wurin masu bin takardu, ya nemi wanda ya san wani. Ko'ina amsa ɗaya. Wani ya ce a mayar da sitiyarin hagu, wanda kuma shi ne abin da tsohon ba ya so. Da yamma in ya dawo sai ya durƙusa a bakin ƙofa, kakana ya ce, "Ya lamba?" shi kuma ya ce, "Ana nan ana bi, Baba." Sau ɗaya ya gwada wata dabara. Ya ce ko a ɗauki motar a kan babbar mota a kai ta wajen gari, inda ba kowa, ya ɗan taɓa kafin takarda ta fito.

"Gawa ce da za a riƙa ɗaukar ta?" in ji kakana. "An kawo ta a kwance, da ƙafarta za ta fita. Lamba ai ta kusa, ko?"

Mahaifina ya ce ta kusa.

Na sha juya wannan a raina. Da an ce masa lamba ba za ta taɓa fitowa ba, zai yi faɗa na kwana biyu, ya ƙi cin abinci, sannan ya yarda a kai shi wajen gari. Na san halinsa. A lokacin yana ganin abin da ke gabansa sarai, gefe ne kawai ya fara duhu. Amma a gidanmu ɗa ba ya dawo wa uba da labarin cewa zaɓinsa ya ɓaci. Mahaifiyata ta sani, kawu ya sani, ni ma na sani, duk muka bi bayan mahaifina muka yi shiru, muna ganin ladabi muke yi.

Zafi ya zo, irin wanda ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu. Azumi ya wuce. Alhazai suka cika gari, aka rufe hanyoyi, mahaifina ya samu abin faɗa na 'yan makonni: ofisoshi sun tafi aikin Hajji. Alhazai suka watse. Kakana ya fara lalubar bango in zai je alwala. Ya daina gane ni sai na yi magana. Ya rage tambayar lamba, daga baya ya daina.

Wata Juma'a da safe, hunturu ya sake zagayowa, mahaifina ya sauko da mabuɗi a hannu. Ban san abin da ya faru a ransa ba. Ya ce lungu ba kowa, kowa na barci, Baba ya fito ya kai ta bakin titi ya dawo, in an kama shi ne zai amsa. Bai ambaci lamba ba, kakana ma bai tambaya ba. Ya sa farar rigarsa da hula. Na riƙe hannunsa har ƙofar motar, na zagaya na zauna a gefensa, mahaifina ya shiga baya.

Ya tashe ta. Ya taka kuloci, ya sa giya, na ji ƙarar shigarta. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya miƙa wuya gaba. Muka jira.

"Uwargida," ya ce, "gari ya waye kuwa?"

Rana ta riga ta haura dutse, tana kan murfin injin har tana kashe mini ido. Na ce, "Ya waye, Kaka."

Ya saki sitiyarin. Sannan ya mayar da giya, ya kashe motar, ya zare mabuɗin ya miƙa baya ta kan kafaɗarsa.

"A bari ya ƙara haske," ya ce.

Ba wanda ya yi kuka. Ni dai ban ji komai ba, abin da na tuna shi ne cinyata ta manne da fatar kujera kuma ina jin yunwa. Muka fito, na mayar da shi ɗaki, na hau sama na ci gurasa da wake. Bai sake shiga motar ba. Ya yi kusan shekara biyu bayan nan, a duhu, ba ya ƙorafi. Ranar da ya rasu ma haka na ji, kamar an yi mini allurar kashe zafi an manta ba a yi aikin ba. Motar ta zauna a lokonta, tayoyi suka sace, kyanwoyi suka haihu a ƙarƙashinta, har ma'aikatan baladiyya, hukumar gari, suka manna mata takarda suka zo suka ɗauke. Ina makaranta aka yi, da na dawo sai tabon mai a ƙasa.

Yanzu mun koma Ka'akiyya, inda haya ta fi sauƙi. Lungun namu na Mansur ban san ko yana nan yadda yake ba, ban koma ba. Mata suna tuƙi, ni ma ina da lasin da 'yar motata, wadda ba ta da kuloci balle ta gwada haƙurin mutum. Ƙannena ba sa durƙusawa in za su yi wa mahaifinmu magana, a tsaye suke yi, da Larabci, wani lokaci suna kallon waya. Gwaggona tana cewa tarbiyya ta lalace. Wataƙila da gaskiyarta, ban iya yi mata musu ba.

Likita ya ce ciwon yana bin jini, duk wanda ya manyanta a gidan a riƙa auna idonsa. Mahaifina ya fara furfura, kuma na lura yana juya kai gaba ɗaya in zai kalli abin da ke gefensa. Watan jiya na ce masa na karɓar masa ranar ganin likita. Ya ce aiki ya yi yawa, a bari sai bayan Hajji. Ya faɗa yana kallon bango, da muryar da ba a mayar wa magana. Na ce a'a, yau ne. Ya ɗago ya dube ni, ni ma na dube shi, kunya kamar ta kashe ni. Na tsaya a bakin ƙofa da mabuɗi a hannu har ya sa takalminsa.