Yaɓen Kakata da Allon Bakin Titi

Jiya na bi ta unguwar Saga da ke gefen Yamai, na tarar da wasu magina suna kwaɓa ƙasa da ƙaiƙayin shinkafa a bakin hanya. Ƙamshin nan na jiƙaƙƙiyar laka ya doki hancina, sai na ce wa mai taksi ya ɗan rage gudu. Ya waigo yana dubana kamar wadda ta zautu. Ban tsaya yi masa bayani ba, amma kai mai karatu zan gaya maka.

Gidan da na tashi na ƙasa ne, a tsakiyar Yamai. Kakana ya gina shi da ya zo daga Damagaram da fatauci, ya rasu ya bar kakata a ciki tare da babana da mu jikoki. Kakata ƴar ƙaramar tsohuwa ce, ga baki, ga tsabtar da har takan gundure mu. Kowace shekara, da zafin bazara ya tsananta, sai ta aika a kawo laka da ƙaiƙayi daga Saga a amalanken jaki. A zube a ƙofar gida, mu yara mu yi ta ɗibar ruwa muna tattakawa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan magini ya zo ya yaɓe bango da rufi kafin ruwan farko.

Ina ajin farko a lakwal aka kafa wani babban allo a bakin titinmu. An zana dogayen benaye farare, kowane hawa da gidajen iyalai, ga lambu, ga mata da yara suna yawo a inuwa. Wallahi ya yi kyau. Mukan tsaya gabansa bayan an tashi, kowa na nuna tagar da zai zauna. Ni ta can ƙoli na zaɓa, wai don in riƙa hango kogi.

Babana ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai gaskata duk abin da aka buga wa hatimi. Ya je meri, wato ofishin magajin gari, ya ga taswirar da idonsa. Ya dawo ya ce gidanmu ya faɗa wurin ajiye motoci, za a ba mu fili a wata unguwa, tashi kuma ya kusa.

Daga nan unguwa ta saki hannu. Wa zai gyara gidan da za a rushe? Wanda indararonsa ya karye ya bar shi, wanda bangonsa ya tsage ya toshe da tsumma. Bazara na zuwa, sai ga amalanken Saga a ƙofarmu kamar kullum. Babana ya fito da jakar biro, wato ta ofis, a hannu, ya tsaya.

"Inna, wannan wahala ta mece ce? Gidan nan rushe shi za a yi."

"Yau za a rushe?"

"A'a, amma taswira ta nuna..."

"To ka je ka nuna wa hadari taswirar. In ya yarda ya jira, ni ma na fasa."

Muka ƙunshe dariya, ya wuce aiki yana girgiza kai.

Ba a rushe ba a shekarar, ba a rushe ba a ta gaba. Rana ta cinye fentin allon, aka zo aka sauya shi. A sabon zanen benayen sun ragu, lambun ya zama kantuna, gidanmu kuma titi ne zai ratsa ta kansa. Can aka sake wani, aka ce mun fita daga tsarin gaba ɗaya, maƙwabta suka zo yi mana barka. Ba a jima ba muka sake komawa ciki. Kakata kan tambaye ni, "Ƙawata, bana a ina muke? Ƙarƙashin mota ko tsakiyar titi?" In na faɗa mata sai ta ce to, a ɗebo ruwa, laka na jira.

Sai da na girma na gane abin da take tsoro. Tashi bai dame ta ba, wadda ta baro Damagaram da ƙuruciya. Abin da ba ta so shi ne ruwa ya kore mu kafin hukuma, mu fito da tabarmi a ka, a ce gidan mijinta ya faɗi don an rasa mai kula da shi.

Wata damina aka yi ruwa tun hantsi har la'asar. Muna cikin ɗaki muka ji wani rugugi, sannan ihu. Gidan maƙwabcinmu ne, wani malamin makaranta mutumin Tahoua, wanda ya daina yaɓe tun allon farko. Ɗakin matarsa ya zauna. Allah ya tsare ba kowa a ciki, amma suka shigo mana jiƙe sharkaf, jaririnsu na kuka. Kakata ta ba su ɗakinta, ta hura wuta, ba ta ce wa kowa "ai na faɗa" ba, ita da ba ta barin magana ta wuce ta. Na ga babana yana zagaya bangonmu yana dafawa. Bazarar da ta biyo, shi ya naɗe wando ya shiga laka tare da mu.

Da tashin ya zo da gaske, kakata ta tsufa, idonta ya tafi. An sanya mana lokaci bayan damina, an ba mu fili a unguwar Dar es Salam. Kowa ya san wannan karon ba fashi. Duk da haka babana ya aika Saga. Da aka gama, ta sa na kai ta jikin bango, ta shafa tafinta a kai daga sama har ƙasa, ta ce magini ya ƙara hannu a kusurwar gabas.

Ranar rushewa ba ta je ba. Babana ya je, ya dawo ya durƙusa gabanta.

"An yi?" ta ce.

"An yi, Inna."

"Ya ba su wuya?"

"Sai da katafila ta ja da baya ta sake zuwa. Direban ma ya sauko yana tambayar wa ya gina."

Ta yi dariya har da tafi. Babana kuwa hawaye ne suka zubo masa, karo na farko da na gani.

Yanzu benayen suna nan tsaye, ba su yi kama da ko ɗaya daga cikin zanen da muka sha kallo ba, an ce ma akwai sauran sashe da ake ta sake wa tsari. Amma sun yi kyau, ba zan ɓoye ba. Wata abokiyar aikina na zaune a hawan ƙarshe, na kai mata ziyara na leƙa ta taga, na hango kogin da na yi wa kaina alkawari tun ina yarinya. Ƙasa kuma, inda ɗakin kakata yake, ba mota ba titi, wani mai shayi ne ya kafa tebur.

Ni kaina haya nake, kuma mai gidan ya ce zai iya sayarwa kowane lokaci. Da na dawo daga Saga jiya, ɗana ya same ni ina duba wata tsaga a bangon kicin. Ya ce, "Mama, bar shi mana, ai tashi za mu yi."

Na ce masa, "Yau za mu tashi? Jeka kira mini magini."