Motar da muka kwana a cikinta a Panyu

Shekarar da aka yi wasannin Olamfik a ƙasar Sin, biza ta yi wuya a birnin Guangzhou. Tamu ta ƙare, mai gidan da muke haya ya ce mu tashi kafin 'yan sanda su zo duba fasfo. Muka koma cikin wata tsohuwar motar kwana, irin mai gado da wurin girki, a bayan wani gareji a unguwar Panyu: ni, maigidana, da jaririyata 'yar wata bakwai.

Motar ba tamu ce mu kaɗai ba. Maigidana da abokinsa, wani Alhaji mutumin zangon Kumasi, suka saya. Maigida zai gyara, Alhajin ya cika ta da dilolin tufafi daga kasuwar Shisanhang, a tura ta gida cikin kwantena. Lokacin da aka kawo ta ko tashi ba ta yi, ƙasanta duk tsatsa. Maigida ya sauke inji ya mayar, ya canja birki da batir, ya like rufin da ke yoyo. Daga nan sai gyaran ya wuce abin da aka shirya. Ya faɗaɗa gado, ya kafa kabad, ya sa fanka, ya jawo famfo daga tankin ruwa don in riƙa alwala ba sai na fita an gan ni ba. Labulen ni na ɗinka da hannu.

Wata Talata da hantsi Alhajin ya zo da guduma da ƙarfen cire taya. Ya dubi maigida, wanda yake ce wa Masa, wato oga a bakin mutanen Kumasi.

"Masa, jirgi ya samu, jibi za a rufe kwantena. Gadon nan da kabad duk su fita, kaya ba zai shiga ba."

"Iyalina fa? A ina za su kwana?"

"Mota muka saya ko ɗakin amarya? Kai bakanike ne ko kafinta?"

Alhajin ya soka ƙarfen a bayan kabad ya ɓanɓare. Maigida ya jawo ƙofa ya rufe mu duka a ciki, sannan ya kai masa naushi a baki.

Ban taɓa ganin faɗa irin wannan ba. Kowannensu ya san ihu ɗaya ya isa mai gareji ya kira 'yan sanda, kuma Alhajin ma takardunsa sun mutu. Saboda haka shiru suke dukan juna. Sai nishi, da ƙarar ƙashi a jikin ƙarfe. Alhajin ya buga kan maigida da kwanon wanke-wanke har sau uku, girarsa ta tsage, jini ya rufe masa ido. Shi kuma ya cije masa hannu, ya danne shi a kan gado, ya shaƙe shi da wayar fanka. Ina lungu na toshe bakin yarinya da nono. Motar sai rawa take a kan tayoyinta.

"Malam, don Allah," na ce a hankali. "Alhaji, ku dubi yarinyar nan." Babu wanda ya ji ni.

Ta gefen labule na hango mai garejin, wanda muke ce wa laban, ya ajiye shayinsa ya nufo mu, waya a hannu.

Na goya yarinya. Na ɗauki gudumar, na buɗe ƙofa kaɗan na tsaya a bakinta, na ɗaga na sauke wa kabad ɗin. Katako ya tarwatse. Na ƙara. Na farfasa ƙafar gado, na doki famfo ya karye, ruwa ya kwarara ta ƙofa ya wanke jinin da ke gangarowa. Yarinya ta tsala kuka, ban tsaya ba.

Laban ya tsaya nesa kaɗan, ya yi tambaya da yarensu.

"Meyo, laban, meyo," na ce, wato babu komai. Na nuna masa gudumar. "Aiki."

Ya dubi katakon da ke faɗowa waje, ya girgiza kai, ya mayar da waya aljihu.

Da na juyo, sun saki juna. Alhajin yana tari, sawun waya a wuyansa. Maigida ba ya kallon kowa sai kabad ɗinsa, aikin wata huɗu.

Asibiti sai da fasfo, don haka ni na wanke masu raunin da ruwan zafi da gishiri, na haɗe girar maigida da filasta. Har yau a karkace take. Kafin la'asar su biyun suka ƙarasa fitar da abin da na bari. Da zai tafi, Alhajin ya ajiye mabuɗin sitonsa na unguwar Liuhua a kan cinyata.

"Hajiya, akwai tabarma a ciki. Kar ku kunna fitila."

Wata biyu muka yi a tsakanin kwalaye kafin takardunmu su fito. Maigida ya kwana tara bai ce mini uffan ba. Rana ta goma ya tambaye ni ko hannun da na riƙe guduma da shi ya daina ciwo.