Takardun da Baba Mai Zuma Bai Taɓa Sa wa Hannu Ba

Ƙarfe bakwai na safe Baba Mai Zuma yake buɗe shagonsa, kuma shekara talatin da huɗu ke nan tsarinsa bai canza ba. Zai share ƙofa, ya goge kwalaben zuma ɗaya bayan ɗaya, ya kwance bakin buhunan dabino da citta da kanumfari da riɗi, ya ɗebi kaɗan daga kowanne ya shinshina. Wanda ya fara warin danshi, ko da rabin buhu ne, gefe yake tura shi. Daga nan sai ya ja wata kujerar roba zuwa bayan buhunan, inda mai wucewa ba zai hango na zaune ba, ya ajiye na'urar awon jini kusa da ita. Sai ya zauna jiran masu tarin ƙarya. Haka yake kiran masu zuwa wurinsa, don mutum zai tsaya a ƙofa ya yi tari sau biyu, ya waiga hagu da dama, sannan ya tambayi dabinon da ba shi ya kawo shi ba.

Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, gwiwoyinsa sun ƙi. Ni mai wannan rubutu ɗansa ne na fari, likita a asibitin da bai fi tafiyar minti goma daga kasuwar ba, kuma da kunya nake rubutun. Shekara goma sha tara ina aiki a wurin, babu ko mutum ɗaya cikin abokan aikina da ya san wanda ya haife ni.

Tun ina makaranta abin ya samo asali. Kowa ya san me ake zuwa nema a shagon Baba. Magidancin da sha'awarsa ta yi sanyi, ko ƙarfinsa ya ragu, can yake nufa. Yara kuwa ba su da tausayi. "Ɗan mai maganin maza" suke ce mini, in na amsa tambaya daidai a aji sai wani ya ce ai ya sha zuma. Na girma, na sa farar riga, amma sunan bai fita daga kunnena ba. Duk mako ina zuwa gida in gaida Baba, in durƙusa, mu yi hira. Layin shagonsa ne dai nake zagayewa kamar akwai kare a wurin.

Yadda yake aiki, a bakin wani direban babbar mota na ji shi, yana kwance a gadon asibitinmu yana ba marasa lafiya dariya. Ya ce ya shiga shagon ya yi ƙasa da murya.

"Baba, wani abokina ne ya aiko ni. Wai harka ta yi sanyi a gida, ka dai gane."

"Allah sarki. Zauna nan. Abokin naka shekarunsa nawa?"

"Za mu yi sa'a da shi."

"Yana yawan jin ƙishirwa?"

"Kai, kamar raƙumi."

"Fitsari fa? Sau nawa yake tsayar da mota a hanya?"

"Ai Baba ba a magana. Jiya kaɗai sau bakwai na tsaya."

Baba bai ko murmusa ba. Ya ce, "To, miƙo hannun abokin naka in auna."

Bayan awon ya ce masa zuma kam ba zai ba shi ba, ko zai kwana yana roƙo. Ya ƙulla masa citta da 'ya'yan kabewa, ya ce waɗannan abinci ne, ba za su cutar ba, amma kada ya sa ran abin al'ajabi. Sai ya yago shafin littafi ya yi rubutu, ya ninke, ya cusa a cikin ƙullin. Ya ce, "Kai wannan asibiti yau, ba gobe ba. Abin da kake nema a kwalba, ina jin a jininka matsalar take." Da muka gwada sukarinsa, a ranar muka ba shi gado.

Irin waɗannan takardu sun fi ƙarfin ƙirge a wurinmu. Kalmomin ba sa canzawa: "Likita, don Allah a duba masa sukari da hawan jini. Na gode." Babu suna, babu sa hannu. Ni kuwa tun ta farko na gane rubutun, mai karkata zuwa dama kamar zai faɗi, don da shi aka cike mini duk takardun makaranta. Babbar ma'aikaciyar jinyarmu, mace mai baki, takan ɗago takardar ta ce, "Likita, mai zuman nan ya sake turo mana ɗalibinsa." Wata rana ta ƙara da cewa, "Ko waye shi, wallahi ya fi wasu masu farar riga hankali." A nan ya kamata in ce mahaifina ne. Sai na ce, "'Yan kasuwa dai su bar wa likitoci aikinsu." Na dunƙule takardar na jefa a kwandon shara, aka yi dariya, ni ma na taya.

Akwai lokacin da aka cika kasuwa da wasu ƙananan ledoji masu ƙyalli, da hoton ingarma a jiki, wai zuma ce mai ƙara ƙarfi cikin minti talatin. Mai rarrabawa ya kawo wa Baba kwali guda. Maƙwabcinsa mai sayar da bokitai ya ce a gabansa Baba ya farke ɗaya, ya lasa, ya tofar.

"Ɗan nan, me kuka zuba a ciki?"

"Tsantsar zuma ce, Baba, da 'yan itatuwa."

"Shekarata talatin ina shan zuma, ban taɓa jin mai ɗacin ƙwaya ba. Ɗauki kayanka."

Masu saye suka koma wasu shaguna, shagon Baba ya yi shiru wata da watanni. Mu kuma a asibiti muka fara karɓar maza da jiri da bugun zuciya, wasu ranga-ranga, ledar na cikin aljihunsu. Na san wanda ya ƙi sayar da ita a duk layin. Ban faɗa wa kowa ba.

Wata mai ɗinki ta ba mahaifiyata labarin nata zuwan. Ta je neman abin da za ta riƙa sa wa mijinta a abinci ba da saninsa ba. Baba ya tambayi aikinsa, ta ce aiki biyu yake yi, in ya dawo ko takalmi ba ya iya cirewa. Ya ce mata, "'Yata, wannan gajiya ce, ba ta da magani a buhu. Kuma kada ki ba mutum abin da bai sani ba. Ga gyaɗa, ki soya, ku zauna ku ɓare tare, a kife waya. In ya yi barci ki bar shi ya yi." Ta ce ta fita tana jin haushi, amma ta gwada. Yanzu ita ke turo masa ƙawayenta.

Makon jiya na daure na shiga layin, karo na farko tun da na fara aiki. Ina sa ƙafa a shagon sai ga direban nan zaune a kan buhu, ya zo yi wa Baba sallama. Yana ganina ya buga cinya.

"A'a, Likita! Kai ma abokinka ne ya aiko ka?"

Kafin in tattaro kaina Baba ya ce, "Dabino ya zo saya." Ya auna ya miƙo mini kamar bai taɓa ganina ba. Na karɓa. Na tsaya riƙe da leda kamar wawa har direban ya tafi.

Na ce, "Baba, me ya sa ba ka taɓa sa hannu a takardun nan ba?"

Ya ci gaba da ɗaure bakin buhu. "Shekarar da ka fara aiki na kawo maka zuma asibiti. Na hango ka a baranda, kai ma ka hango ni, sai ka shige wani ɗaki. Na jira kaɗan, na dawo da abata."

"Ka ji haushi?"

"Na ji. Ba da yawa ba."

"Amma ka ci gaba da turo mini su."

Sai a lokacin ya ɗago. "To wa zan tura wa? Na san wanda na haifa. Na san za ka duba su da kyau."

Baba, kai ne ka ajiye kujera a bayan buhu don kada a ga fuskar magidanci yana faɗin abin da ya kasa faɗa wa matarsa. Kai ne ka fi kowa sanin iyakar zuma da citta, kuma ba ka taɓa yi musu ƙarin gishiri don a saya ba. Mai rufin asirin maza, har wanda ya guje ka sai da ka rufa masa. Na gode, kuma ka yafe mini. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya sa hutun ya yi albarka.

Masu wannan sana'a, ku yi koyi da shi. Ku tambayi mutum kafin ku auna masa, abin da ya fi ƙarfinku ku tura asibiti. Maza kuma ku daina laƙaba wa abokanku, ku je a duba jininku. Abokan aikina, mai takardun nan da muke wa dariya, shi ya haife ni, da zumarsa na yi karatu.

Kai kuma direba, in wannan ya iso gare ka, ba dabino na je saya ba. Wurin babana na je.