Na cusa waƙoƙina a MP3 ɗin Bappa

Jama'a, yau na so ƙasa ta tsage in shige!

Da safe Bappa, ƙanin babanmu da ke unguwar Wuro Hausa a Yola, ya ba ni ƴar MP3 ɗinsa. Ya ce, "Hadiza, ƙara min karatun Alƙur'ani izu biyu. Kar ki taɓa sauran, muryar Goggonki tana ciki." Matarsa ke nan da ta rasu bara, ya ɗauki muryarta tana yi wa jika waƙa da Fulatanci.

Na zuba karatun. Sai na ga saura wuri, na ce bari in sa waƙoƙina in ji a keke, daga baya in goge. Kwamfuta ta nuna wuri ya kusa ƙarewa, na ci gaba da cusawa. Kawai MP3 ɗin ta daskare! Na kashe, ta ƙi kunnuwa!

Na ruga unguwar Dubeli wajen Oga Bitrus mai gyara. Ya ce, "Madam, ba a cika ta har baki. Memori ya lalace." Ya yi ta fama, abu ɗaya tak ya ceto. Ban ko tsaya na saurara ba, na kama hanyar Yola ina addu'a.

Bappa ya danna. Kiɗan rawa ya ɓarke a zaure! Bai yi faɗa ba, ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ɗago ya ce, "Ta Goggonki tana bayan wannan ne?"